Fenti da tsufarwa: Yadda ake raya samfurin fagen daga a wasan yaƙi na kan tebur

A ƙasashen Turai da Amurka, musamman Ingila da Jamus, akwai wani wasa na manya da ake kira wasan yaƙi na kan tebur. Mutum biyu ko fiye sukan jera ƙananan mutum-mutumin sojoji, waɗanda tsayinsu bai kai na ɗan yatsa ba, a kan tebur da galibi yake da tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4. Suna motsa su bisa ƙa'idojin da ke rubuce a littafi, suna auna tazara da tef, suna jefa ɗan ludo domin sanin wanda harbinsa ya samu.

A kan teburin ake shimfiɗa samfurin fagen daga: tuddai, rafuka, gadoji, kurmi, ramukan fakewa da rusassun gidaje, duk an ƙera su ƙanana daidai da girman sojojin. Ƙera su rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne fenti da kuma abin da za a iya kira tsufarwa, wato sanya wa sabon abu alamun rana, ruwa, ƙura, tsatsa da hayaƙi har ya yi kama da abin da ya daɗe a duniya.

Aikin fentin iri biyu ne. Na farko, ya sa mai wasa ya gane fili da kallo ɗaya: ina ne taɓo, ina ne tudu, ina ne maɓoya. Na biyu, ya sa ido ya yarda cewa abin da yake gani ƙasa ce da dutse, alhali soso ne da gam. Duka biyun sun dogara ga abu guda, wato lura da yadda abubuwan gaske suke tsufa, da ajiye kowace alama a inda yanayi yake ajiye ta.

Asalin sana'ar

Tun kafin abin ya zama wasa, kayan aikin sarakuna ne da hafsoshi. A shekarar 1668, a zamanin Sarki Louis na 14 na Faransa, ministan yaƙinsa Louvois ya sa aka ƙera samfurin garin Dunkerque da ganuwarsa. Daga nan aka ci gaba da ƙera samfuran garuruwan kan iyaka har zuwa 1870, akasari a ma'aunin 1 bisa 600. Da katako da takarda da yashi aka yi su, gonaki kuwa da zaren siliki da aka rina aka daddatse. Manufar ita ce sarki ya ga ƙarfi da raunin kowace ganuwa ba tare da ya bar fadarsa ba. Kimanin 100 daga cikinsu suna nan har yau, a ginin Invalides da ke Faris da kuma gidan adana kayan fasaha na birnin Lille.

Wasan kansa daga daular Furushiya ya fito, a Jamus ta yau. A 1812, Georg Leopold von Reisswitz ya gabatar wa Sarki Friedrich Wilhelm na 3 wani tebur mai aljihuna cike da ƙananan falle-falle na filasta, an sassaƙa musu tuddai da rafuka da hanyoyi an yi musu fenti, ta yadda za a iya jera su a fitar da sabon fili kowane lokaci. Ɗansa, wanda hafsan soja ne, ya sake fasalin wasan a 1824, ya mayar da shi kan taswira, rundunar Furushiya kuma ta karɓe shi a matsayin hanyar horar da hafsoshi. Sunansa da Jamusanci Kriegsspiel. Bayan Furushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, rundunonin wasu ƙasashe suka kwaikwayi wasan.

Daga cikin waɗanda suka fito da shi daga bariki zuwa ɗakunan farar hula akwai marubucin Ingila H. G. Wells, da littafinsa Little Wars na 1913. A wasan Wells, da gutsattsarin katako ake yin gidaje da tuddai, da rassan itatuwa ake yin kurmi, ana kuma harbi da 'yar igwar wasa mai sifirin.

A Yaƙin Duniya na Biyu, samfuri ya koma aikinsa na asali. A Medmenham da ke Ingila, cibiyar nazarin hotunan sama ta rundunar sojin saman Birtaniya tana da sashen da ya tara masu zane da masu sassaƙa. Su ne suka ƙera samfurin madatsar ruwa ta Möhne da matuƙa jiragen yaƙi suka yi nazari kafin harin daren 16 ga Mayun 1943, da kuma samfuran gaɓar tekun Normandy kafin saukar sojojin ƙawance a watan Yunin 1944. A irin wannan aiki, kuskuren launi ko na inuwa yana iya sa matuƙi ya ɗauki wani tudu a matsayin wani, a rasa rayuka. Ko a 2011, hukumomin Amurka sun yi amfani da ƙaramin samfurin gidan da Usama bin Ladan yake ɓoye a Abbottabad ta Pakistan wajen tsara farmakin da suka kai masa.

Daga sha'awa zuwa kasuwa

Wasan zamani ya bunƙasa a Ingila bayan fitowar littafin War Games na Donald Featherstone a 1962. A 1975 aka kafa kamfanin Games Workshop a Landan, wanda daga baya ya koma Nottingham. Ya fitar da wasan Warhammer a 1983, sai Warhammer 40,000 a 1987. A watan Disamban 2024 kamfanin ya shiga jerin FTSE 100, wato manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan, da cinikin ƙananan sojojin roba da fenti da littattafan ƙa'idoji.

Dabarun tsufarwa kuwa, yawancinsu daga wajen masu ƙera samfuran tankoki da jiragen ƙasa aka aro su. Ɗan Beljiyam François Verlinden ya yaɗa amfani da tsinkakken fenti da busasshen buroshi a shekarun 1970 da 1980. Ba'amurke Sheperd Paine ya wallafa How to Build Dioramas a 1980, littafin da masu sana'ar ke komawa gare shi har yau. Daga baya ɗan Sifaniya Miguel Jiménez ya yi suna wajen amfani da garin launi domin kwaikwayon ƙura da laka. Akwai kamfanonin da suka shahara da kayan aikin: Vallejo na Sifaniya da Tamiya na Japan a fenti, Noch na Jamus da Woodland Scenics na Amurka a ciyawa da itatuwan roba.

Ma'auni shi ne tushe

Kafin a tsoma buroshi a fenti, sai an san ma'aunin da ake aiki da shi. Sojoji masu tsayin milimita 28, waɗanda suka fi yawa a kasuwa, sun yi daidai da kusan 1 bisa 56. Masu milimita 15 kuwa kusan 1 bisa 100 ne. A ma'aunin 1 bisa 56, bango mai tsayin mita 3 bai wuce santimita 5 da rabi ba, ƙwayar yashi mai milimita 2 kuma ta zama dutse mai santimita 11. Shi ya sa ake tankaɗe yashi da rariya: mai laushi a yi ƙasa da shi, mai tsakuwa a yi duwatsu.

Ma'auni yana shafar launi ma. Wanda ya tsaya mita 1 daga tebur kamar ya hango wurin gaske ne daga mita 56. Abin da ke nesa launinsa yakan dusashe saboda iska da ƙurar da ke tsakani, kamar yadda dutse mai nisa yake komawa ruwan toka-toka. Don haka ƙwararru ba sa amfani da baƙi wuluk ko fari fat ko kore shar yadda suka fito daga kwalba. Sukan karya kaifinsu da ɗigon ruwan toka ko ruwan ƙasa.

Akwai kuma ƙa'idar da ta bambanta filin wasa da samfurin da ake ajiyewa a gidan tarihi: fili shimfiɗa ce, sojoji ne abin kallo. Idan launin fili ya yi kaifi da yawa, sojojin sai su ɓace a cikinsa.

Kayan aiki

Jikin tudu da bango galibi da soson rufin gini mai tauri ake yin sa, wanda ke zuwa shuɗi ko ruwan hoda, domin yana yankuwa sumul, yana kuma karɓar zanen tubali da na dutse. Farin soson nan mai ƙwayoyi da ake tallafe firiji da talabijin da shi a cikin kwali ya fi araha, amma yana marmashewa, sai an lulluɓe shi da filasta. Gindin kowane gini akan yi shi da siririn katako ko kwali mai kauri. Sauran kayan su ne farin gam irin na kafintoci, yashi, garin filasta, sanfefa, wuƙa mai kaifi, tsinken ashana, da ɓawon itace wanda ke fitar da siffar dutse idan aka yi masa fenti.

Fentin da aka fi amfani da shi shi ne akirilik, wanda ake tsinkawa da ruwa, yana kuma bushewa cikin mintuna. Ga manyan filaye, fentin bango na ruwa ya wadatar, ba sai an kashe kuɗi kan ƙananan kwalaben da aka tanada don sojoji ba. Fentin mai irin na masu zane yana da amfani a matakin ƙarshe, saboda yana jinkirin bushewa, ana iya jan sa ana gyarawa.

Matakan fenti

Mataki na farko shi ne fitar da kaushi. A shafa gam, a barbaɗa yashi, a bari ya bushe, sannan a sake bin sa da gam da aka tsinka da ruwa domin ya kama. Fili mai santsi ba ya karɓar sauran dabarun da za su biyo baya.

Na biyu shi ne rufe soson gaba ɗaya da cakuɗen gam da fenti mai duhu. Wannan yana ƙara masa ƙarfi, yana kuma hana farin soso leƙowa idan wani wuri ya ɓantare.

Na uku shi ne shimfiɗa launin tushe, kuma da mafi duhu ake farawa: ruwan ƙasa mai duhu ga ƙasa, ruwan toka mai duhu ga dutse. Dutsen gaske ba launi ɗaya gare shi ba, don haka akan ɗiɗɗiga ruwan ƙasa da ja-ja da kore-kore nan da can tun fentin yana ɗanye.

Na huɗu shi ne wanki. A tsinka baƙi ko ruwan ƙasa da ruwa har ya yi kamar baƙin shayi, a sa ɗigon sabulun wanke-wanke domin ya gudana, a malala shi a kan aikin. Zai gangara cikin tsaga da lungu ya zauna, ya zama inuwa.

Na biyar shi ne busasshen buroshi. A ɗebi launi mai haske da buroshi mai faɗi, a goge shi a jikin tsumma har ya zama kamar babu sauran fenti, sannan a riƙa shafa shi sama-sama. Ɗan abin da ya rage zai kama kan tsakuwa da bakin tubali kawai, ya zama hasken rana. Akan yi haka sau biyu ko uku, kowane karo da launi mafi haske da hannu mafi sauƙi.

Daga nan sai ciyawa. Ciyawar roba gajerun zarurruka ne, daga milimita 2 zuwa sama, da ake zuba wa a kan gam ta wata na'ura mai caji da ke sa su miƙe tsaye. Akan haɗa launi biyu ko uku, a bar wasu wurare ƙasa tsirara, musamman turbar da ƙafa ke bi.

Tsufarwa: kowace alama da dalilinta

A nan ne ake gane gwani. Kafin a sa kowace alama, akwai tambayar da ya kamata a amsa: me ya jawo ta, kuma daga ina ta fito?

Ruwan sama ƙasa yake gangarowa. Saboda haka zanen datti yakan fara daga ƙarƙashin taga, bakin indararo ko kan katanga, ya sauko a miƙe yana sirancewa. Ana kwaikwayonsa da ɗan ɗigon fentin mai, a ja shi ƙasa da buroshin da aka ɗan jiƙa da sinadarin tsinka fenti.

Danshi kuwa daga ƙasa yake hawa. Gindin bango ya fi samansa duhu, nan ne ruwa ke fantsama laka, nan ne gansakuka ke fitowa, musamman a gefen da rana ba ta cika bugawa ba.

Tsatsa daga ƙarfe take fitowa: ƙusa, ƙyauren kwano, mahaɗar bututu. Tsohuwar tsatsa duhu gare ta, sabuwa kuma ruwan goro ce, ita ce ke zubowa a jikin bango. Bangon da babu ƙarfe a jikinsa ba shi da dalilin yin tsatsa.

Fenti yana ɓarewa a inda hannu da kaya ke gogawa, kamar bakin ƙofa, kusurwa da matakala. Hanya mafi sauƙi ita ce a yagi guntun soso, a tsoma shi a launi mai duhu, a matse, a riƙa dangwalawa a waɗannan wurare. Akwai kuma dabarar gishiri: a fara shafa launin tsatsa, a ɗan jiƙa wurin, a barbaɗa gishiri, a fesa launin sama, in ya bushe a karkaɗe gishirin, tsatsar ta bayyana ta ƙananan ramuka.

Hayaƙi sama yake tashi. Kunkunniya takan taru a saman tagar gidan da ya ƙone, ta fi baƙi kusa da inda wutar ta fito. Ƙura kuma a kan abin da ke kwance take zama, da lungunan da iska ba ta sharewa. Ana yin duka biyun da garin launi ko allin zane da aka goga a sanfefa.

Rana tana kashe launi. Rufin gida da bangon da ke fuskantar rana sun fi sauran haske. Tsohon katako da ya sha rana da ruwa ruwan toka yake komawa, abin da sababbin shiga sukan manta su yi masa ruwan ƙasa.

Rusasshen gini yana da nasa hisabin: tubalin da ya bar bango dole a gan shi a ƙasa. Kango mai share-sharen daɓe ba ya gamsar da ido. Sai dai mai wasa yana buƙatar inda zai tsayar da sojojinsa, don haka akan tara ɓaraguzan a kusurwa da gindin bango, a bar tsakiya a buɗe.

Idan an gama, sai a rufe aikin da ruwan kariya marar launi kuma marar ƙyalli, domin hannuwa da yawa za su taɓa shi. Mai ƙyalli ana ajiye shi ne don rafi da ɗanyen taɓo.

Kowace ƙasa da irin tsufanta

Yawancin littattafan koyarwa a Turai aka rubuta su, don haka launukansu na ƙasar sanyi ne: dutse ruwan toka, ciyawa shar, gansakuka ko'ina. Wanda ya ɗauki wannan ya ɗora a kan kowane fage zai yi kuskure.

Mai ƙera fagen El Alamein na Masar, inda aka gwabza a 1942, ƙura ce babban kayan aikinsa. Launuka a dushe suke, tsatsa kaɗan ce, inuwa kuma tana da kaifi. Mai ƙera Omdurman ta Sudan ta 1898 yana aiki ne da ginin laka, wanda tsufansa daban ne da na dutse: kusurwoyinsa sukan zaizaye su yi laushi, gindinsa ya cinye, yaɓensa ya faɗi a falle-falle.

Fagen Bama kuwa akasin haka ne. A kwarin Kaladan da yankin Arakan, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yaƙi Japan a 1944 da 1945, da dubban sojojin Najeriya da na Gwalkwas a cikinsu, kurmi ne da gora da rafuka da ruwan sama mai yawa a lokacin damina. Samfurin irin wannan fili yana buƙatar kore iri-iri, laka mai duhu, da itacen da danshi ya ci. Sunayen waɗannan wurare suna nan a barikokin Najeriya, kamar Barikin Arakan da na Myohaung a Legas.

Kura-kurai da haɗari

Asarar da ta fi yawa ita ce fesa fentin gwangwani kai-tsaye a kan soso. Sinadarin da ke cikinsa yana narkar da soson nan take, aikin mako guda ya lotsa cikin minti ɗaya. Gam mai kamawa nan-da-nan ma haka yake yi. Maganin shi ne a tabbatar an rufe soson da farin gam ko filasta tukuna.

Siririn katako da kwali sukan lanƙwashe idan aka jiƙa gefe ɗaya kawai, don haka akan shafa wa bayansu fenti ko gam su ma. A wuri mai zafi da bushewar iska, akirilik yana bushewa tun yana kan faranti. Akan shimfiɗa takarda a kan jiƙaƙƙen soso a riƙa zuba fentin a kai.

Kuskure na gaba shi ne wuce gona da iri. Ba kowane gida ne kango ba, kuma ƙauyen da yaƙi ya iso jiya ba zai yi tsatsar shekara 20 ba. Gara a sa kaɗan, a ja da baya a duba daga inda mai wasa zai tsaya, sannan a ƙara in da buƙata.

Ta fuskar lafiya, yanka soso da waya mai zafi yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, haka ma fentin feshi da sinadarin tsinka fenti, wanda kuma yana kama wuta. Ƙurar filasta da ta katako da garin launi ba su dace da huhu ba. Ana yin waɗannan ayyuka a wuri mai iska, da takunkumin fuska. Wasu launukan masu zane suna ɗauke da sinadarin kadmiyam mai guba, saboda haka ɗabi'ar gyara bakin buroshi da leɓe abar gudu ce. Ƙananan kaya da wuƙaƙe kuma a nisanta su daga yara.

Amfaninta bayan wasa

Hannun da ya iya wannan aiki yana da kasuwa a wajen teburin wasa. Irin dabarun ne ake amfani da su a samfuran gidajen tarihi, a shirya fina-finai, a samfuran da ɗaliban zanen gine-gine ke gabatarwa, da waɗanda kamfanonin gina rukunin gidaje ke ajiyewa a ofisoshinsu don jawo masu saye. Rundunonin soja ma har yau suna koyar da hafsoshi da teburin yashi, duk da zuwan kwamfuta da hotunan tauraron ɗan Adam.

Mai son farawa ba ya buƙatar kaya masu tsada. Guntun soso, gam, yashi, launuka huɗu ko biyar da tsohon buroshi sun isa a ƙera katanga guda. Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne ya nemi tsohuwar katanga ta gaske, ya ɗauki hotonta daga sama har gindi, ya ajiye hoton kusa da shi yayin da yake aiki.